Tambayoyi da Amsoshi: Furosesa ko Risiba, da Yadda Sauti Zai Zagaye Gida

Assalamu alaikum Malam. Na kusa gama gini a Unguwar Rimi, na ware falo ɗaya don kallo. Yaron da zai haɗa mini kayan sauti ya ce in bar risiba in sayi furosesa, wai shi ne na manya. Ya rubuto mini Marantz da Anthem da Yamaha. Mene ne bambancinsu, kuma wanne zan ɗauka?

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a shiga lafiya. Yaron bai yi maka ƙarya ba, amma bai gaya maka rabin kuɗin ba.

Na'urar sinimar gida aiki biyu take yi. Na farko na ƙwaƙwalwa ne: ta karɓi hoto da sauti daga dikoda ko talabijin, ta warware su, ta ce wannan muryar ta sifikar tsakiya ce, wannan rugugin na wufa ne, wancan ƙarar jirgin ta silin ce. Na biyu na ƙarfi ne, wato tura wutar da za ta motsa sifikun. Risiba ta haɗa biyun a akwati guda. Furosesa kuwa ƙwaƙwalwa ce zalla. Ka jona masa sifika kai tsaye, ko tari ba za ta yi ba. Dole ka sayi amfilifaya daban, mai hanyoyi daidai da yawan sifikunka, sannan ga kebul na haɗa su. Sau da yawa kuɗin amfilifayar yakan kamo na furosesan, wani lokaci ya wuce.

To, ga waɗanda aka rubuto maka. Marantz AV10 yana sarrafa sifika 15 da wufa 4, ƙaninsa AV7706 kuma 11 da 2. Anthem na ƙasar Kanada ne, AVM 70 ɗinsu 15 da 2, AVM 90 kuma 15 da 4. Yamaha CX-A5200 yana da 11 da 2, sai dai tun 2018 ya fito, don haka ƙofofinsa na HDMI ba su kai na sababbin ba. Akwai ma Trinnov na Faransa, wanda kuɗinsa kuɗin mota ne, bar shi kawai. Dukansu suna jin Dolby Atmos, tsarin sauti mai zuwa har daga sama, wanda ya fara a gidajen sinima a 2012, ya shigo gidajen mutane a 2014. Idan ka ga an rubuta 7.1.4, ana nufin sifika bakwai kewaye da kai, wufa ɗaya, huɗu a silin. Goma sha ɗaya ke nan ban da wufa. Ka tsaya a falon naka ka duba, ina za ka kai goma sha biyar?

Inda suka fi bambanta a kunne shi ne gyaran ɗaki. Kowanne yana zuwa da ƙaramin makirufo da za a ajiye inda kake zama, na'urar ta riƙa fitar da wani sauti kamar kukan tsuntsu daga kowace sifika, ta auna yadda bango yake maido shi, ta gyara. Na Marantz da Denon sunansa Audyssey, kuma a sababbinsu za ka iya biyan kuɗi a ƙara maka Dirac Live na ƙasar Suwidin. Anthem suna da nasu, ARC Genesis, Yamaha kuma YPAO. A kunnena Dirac da ARC sun fi iya ladabtar da wufa, amma sai an samu wanda zai zauna da kwamfuta ya yi awon da haƙuri. Na sha shiga gida na tarar makirufon yana cikin ledarsa ba a taɓa buɗewa ba.

Kuma ko wace manhaja ce, ba ta iya yaƙi da irin ginin da muke yi yanzu. Tayil a ƙasa, silin POP a sama, gilashi a taga, bango sumul. Yi wannan gwajin yau: shiga tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji tafin ya yi wutsiya, yana tsalle tsakanin bango da bango, to haka muryar 'yan fim za ta riƙa cakuɗewa, ka yi ta ƙara murya ba ka jin abin da ake faɗa. Kafet mai kauri da labule mai nauyi da kujerun yadi za su yi maka abin da ƙarin miliyoyi a kan furosesa ba zai yi ba.

Furosesa yana da hujjarsa, ban musa ba. Fasahar HDMI tana tsufa da wuri. ARC ta HDMI, mai maido sautin talabijin zuwa na'ura (ba ARC ɗin Anthem ba), ta zo a 2009, ingantacciyarta eARC a 2017, amma amfilifaya mai kyau takan yi shekara ashirin tana aiki, sai ka canza ƙwaƙwalwar ka bar ƙarfin. Yana kuma da ƙofofin XLR, masu hana gurnani shiga sauti idan kebul ya yi tsawo. Wannan na mai ɗakin kallo na musamman ne, wanda ba a karɓar baƙi a cikinsa.

Ni da kai ne, risiba zan saya, wadda a bayanta akwai ƙofofin da aka rubuta wa Pre Out. Misali Denon AVR-X3800H tana da amfilifaya tara a cikinta, tana sarrafa sifika 11, kuma duk ranar da ka ga dama ka ƙara mata amfilifaya ta waje, ta koma maka furosesa. Abin gaggawa a gidanka ma ba na'urar ba ce. Kada ka bari masu POP su rufe silin kafin a ja kebul zuwa duk inda sifika za ta zauna, har inda ba ka shirya sa ta bana ba. Fasa silin bayan an yi fenti ba daɗi.

Malam barka da aiki. Muna zaune a Malali. Ina so da asuba karatun Alƙur'ani ya riƙa tashi a falo da kicin da ɗakin yara lokaci guda. Na sayi sifikun Bluetooth uku, amma ɗaya kawai wayata take kamawa, kuma da na shiga kicin sai ya riƙa yankewa. Ina mafita?

Barka kadai Hajiya. Sifikunki lafiyarsu ƙalau, aikin ne ba nasu ba. Bluetooth an yi shi ne don waya ɗaya da sifika ɗaya, a tazarar kamar mita 10, kuma bangon bulo yana cinye wannan tazarar. Wasu kamfanoni irin JBL suna bari sifikunsu su kama juna, amma sai 'yan gida ɗaya. Ga shi kuma duk wanda ya kira ki, gida gaba ɗaya zai ji sallamarsa.

Abin da ke sa wannan aikin wuya shi ne lokaci. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma kunnen mutum ba ya yafe saɓani. Idan sifikar kicin ta makara da ɗan ƙiftawar ido, ke da kike tsaye a baranda za ki ji kamar alaramma biyu ne, ɗaya yana bin ɗaya, irin yadda kiran salla yake zuwa daga masallatai biyu na unguwa. Saboda haka ko dai a raba sautin da kebul daga tushe guda, ko a yi amfani da na'urorin Wi-Fi masu daidaita agogonsu da juna.

Hanyar kebul ita ce mai sauƙin kuɗi, kuma ba ruwanta da data. Amfilifaya ɗaya a falo, a ja kebul zuwa kicin da ɗakin yara, a sa wa kowane ɗaki makunnin rage murya a bango. Amma ki ja kunnen mai haɗawar kada ya ɗaure sifiku birjik a ƙofa ɗaya. Sifika biyu masu om 8 (om shi ne ma'aunin yadda sifika take tare wuta) idan aka haɗa bakinsu sun koma om 4, huɗu sun koma om 2, daga nan amfilifaya ta ɗau zafi ta riƙa kashe kanta, ko ta ƙone. Akwai ɗan akwatin raba sifiku da aka yi don haka. Idan ɗakunan suna da yawa, a bi tsarin layin bolt 100, wanda kowace sifika take da 'yar taransifoma a jikinta. Shi ne ake yi a masallatai da yawa da amfilifayar Ahuja, kuma don karatu da wa'azi ya wadatar. Idan kuma akwai risiba a falonku, a leƙa bayanta a nemi inda aka rubuta Zone 2. Ɗaki na biyu ke nan a ɓagas, sai dai tsofaffin risiba da yawa ba sa tura sautin HDMI can, sai na rediyo da na kebul mai kai ja da fari.

Hanyar Wi-Fi ta fi daɗin sha'ani. Daga manhaja a wayarki za ki haɗa ɗakuna uku su yi abu ɗaya, ko ki raba su, Maigida yana jin labarai a falo, ke kina jin tafsiri a kicin. A gidan da ke da sassa biyu ma hakan yana kashe wata ƙaramar rigima. Matsalar ita ce kowane kamfani da danginsa. Denon da Marantz suna da HEOS tun 2014, Yamaha tana da MusicCast tun 2015, NAD da Bluesound suna da BluOS, Sonos kuma nata daban. HEOS ba ya magana da MusicCast. AirPlay 2 na kamfanin Apple, da ya fito a 2018, yana iya haɗa su duka, amma sai da iPhone ko wata na'urar Apple, alhali yawancinmu Tecno da Infinix ne a hannu. Don haka ki zaɓi dangi ɗaya tun farko ki tsaya a kansa. In ba kya son zubar da sifikun da kika riga kika saya, akwai ƙananan akwatuna na WiiM da ake jona wa duk sifika mai ƙofar AUX, ta shiga sahun Wi-Fi.

Duk wannan yana rataye ne a wuyan rauta. 'Yar MiFi da aka ajiye a kan firij ba za ta ɗauki wannan kayan ba. Zangon Wi-Fi na 5GHz ya fi sauri amma bulo yana tare shi, 2.4GHz ya fi ratsa bango amma cunkoso ya yi masa yawa. Inda hali, a ja kebul ɗin Cat6 zuwa kowace na'ura, yana kai mita 100 ba matsala. Batun data kuma, sauti mai inganci na kilobit 320 a daƙiƙa a Spotify yana cin kusan megabait 144 a awa. Tunda karatun ba ya canzawa, ki zuba shi a filasha ki soka a risiba ko sifikar HEOS, ta raba wa sauran ɗakunan daga nan cikin gida.

Yallaɓai, idan muna kallon ƙwallo a falo ina tura sautin zuwa tsakar gida ta Wi-Fi, amma sai an gama ihun ci a ciki sannan mai sharhi yake faɗa a waje. Daga Kawo.

Haka abin yake, ɗan'uwa, ba lalacewa ba ce. Na'urorin Wi-Fi suna tara sauti kaɗan kafin su sake shi, don su tashi tare. A Sonos mafi ƙarancin jinkirin sautin da aka shigar ta kebul milisakan 75 ne, a AirPlay yana kai wa daƙiƙa biyu. A waƙa ba wanda zai lura, a ƙwallo kuwa kowa zai lura. Ja kebul daga risiba zuwa sifikar tsakar gidan, magana ta ƙare.

Malam, ƙanena zai aiko mini risiba ta hannu daga Amurka, ya ce ta fi araha can. In karɓa? Daga Barnawa.

Karɓi mana Malam, amma kafin a sa ta a jirgi ya ɗauko maka hoton bayanta, wurin da kebul ɗin wuta yake shiga. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, ta Japan ma 100. Cajar waya da kwamfuta suna cin kowace wuta, shi ya sa mutane suke zaton komai haka yake. Yawancin risiba ba haka suke ba. Kwanaki na je wajen wani mai gyara kusa da Kasuwar Gumi, na tarar da wata a buɗe a kan benci, rimot ɗinta ko ledarsa ba a ɓare ba, shagon duk ƙaurin taransifoma. Mai ita adafta kawai ya sa ya soka a bango.

Idan an rubuta 120V kaɗai, sai ka nemi taransifomar rage wuta wadda ƙarfinta ya ninka wat ɗin da aka rubuta a jikin risibar, ka sa sitabilaiza a gabanta. Inbatarka kuma ta zama mai tsaftatacciyar wuta, don mai arahar nan takan sa amfilifaya gurnani. Kada ka kulle ta a kabad, musamman a zafin Maris da Afrilu, kuma kada a ɗora mata dikoda a ka, ta ramukan saman nan take numfashi. Bayan kowane hunturu a kai ta a hure mata ƙura.