Tambaya da Amsa: Shin Hayaƙin Masana'anta Yana Taɓa Cikin Katako?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Sabon Garin Zariya. Kwanan baya na sayi gungumen itacen tik da aka sare kusa da wata masana'anta. Da na duba bakin yankan, sai na ga zobban tsakiya suna da faɗi, na kusa da ɓawo kuwa sun matsu kamar zare. Shin hayaƙi ne ya jawo haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka yi kyakkyawan lura, domin kowane zobe girman damina guda ne, kuma layin da ke raba shi da na gaba shaidar rani ce, lokacin da bishiya ke dakatar da girma.

Hayaƙi yana iya matse zobban, amma ta ganye yake bi. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda bishiya ke shaƙar iska da su. Iskar farar wuta da ke fita idan an ƙona kwal ko baƙin mai takan shiga ta nan ta lalata koren ganyen, ƙurar siminti kuma takan toshe ƙofofin. Idan abincin da ganye ke haɗawa ya ragu, siririn fallen da ke ƙarƙashin ɓawo, wanda shi ne ke ƙera sabon katako, sai ya rage aiki; zoben shekarar ya fito siriri, kuma sau da yawa jijiyoyin da ke kai ruwa sama sukan ƙanƙance. An ga haka ƙarara a shekarun 1970 da 1980 a dazuzzukan kan iyakar Jamus ta Gabas da Poland da Cekoslobakiya, inda hayaƙin kwal ya kashe bishiyoyi masu ɗimbin yawa.

Abin da ya shafi sana'arka shi ne, a itacen tik siririn zobe yakan ƙunshi ramuka fiye da tsoka, saboda haka wannan ɓangaren yakan fi sauƙin nauyi; ni dai ba zan ba ka shawarar yin ƙafar kujera da shi ba.

Sai dai kada mu ɗora wa hayaƙi laifin komai, domin tsufa da fari da cunkoson bishiyoyi su ma suna matse zobba. Ka nemi gungumen tik mai shekaru ɗaya da naka daga wurin da babu masana'anta, ka kai yankan biyu tashar binciken gandun daji da ke Samaru, a gwada su a ƙarƙashin madubin ƙara girma.