Shin Rust zai iya maye gurbin C da C++?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen kimiyyar kwamfuta, kuma C da C++ ake koya mana a aji, amma wasu abokan karatuna sun nace cewa ɓata lokaci muke yi, domin yaren Rust ya zo ya kawar da su. Shin sabon yare yana iya ture tsohon da ya riga ya kafu? Wanne ya kamata in fi mayar da hankali a kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokan karatunka suna da ɗan gaskiya, amma sun yi gaggawar yanke hukunci. Rust yana karɓe wani ɓangare na sabbin ayyukan da a da sai da C ko C++ ake yin su, sai dai ba ya share abin da aka riga aka rubuta, kuma a ganina ba zai share shi a cikin shekarun da za ka yi kana aiki ba.

Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiri C a ɗakin bincike na Bell Labs da ke Amurka a farkon shekarun 1970, shi kuwa C++ Bjarne Stroustrup ne ya fara aikinsa a 1979. Yarukan biyu suna ba wa mai rubuta manhaja cikakken iko a kan ma'adanar kwamfuta (memory), wato inda shiri ke ajiye bayanai yayin da yake aiki: shi zai nemi gurbi, shi zai yi amfani da shi, shi kuma zai mayar da shi idan ya gama. Wannan ikon ne ya sa suke da sauri, kuma shi ne tushen matsalarsu, domin idan mutum ya rubuta bayani ya zarce iyakar gurbin da aka ba shi, ko ya koma amfani da gurbin da ya riga ya saki, to ya buɗe ƙofar da masu kutse suke shiga ta cikinta. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na giɓin tsaron da yake toshewa a manhajojinsa daga irin wannan kuskure suke fitowa, sannan a 2020 masu kula da Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet ta Google, suka faɗi adadi mai kama da wannan.

Wannan ciwon ne Rust ya zo magancewa. Graydon Hoare ne ya fara shi, kamfanin Mozilla ya ɗauki nauyinsa, aka fitar da sigarsa ta farko tabbatacciya a watan Mayu na 2015. Dabararsa ita ce kowane bayani da ke cikin ma'adana yana da mamallaki guda, kuma manhajar da ke fassara rubutunka zuwa yaren na'ura tana bin diddigin wanda ya mallaka da wanda ya ara tun kafin shirin ya fara aiki. Idan ta ga alamar haɗari, sai ta ƙi fassarawa har sai ka gyara. Masu koyo sukan ji haushin wannan tsananin a farko, amma sakamakonsa shi ne sauri irin na C tare da kariya daga yawancin waɗancan kurakurai. Shi ya sa aka buɗe masa ƙofa a cikin zuciyar Linux (kernel), wato ginshiƙin wannan tsari mai tafiyar da kwamfuta, a siga ta 6.1 a watan Disamba na 2022, kuma a watan Fabrairu na 2024 wani ofishi a fadar shugaban Amurka ya fitar da rahoto yana kira ga kamfanoni su koma ga yarukan da ke kare ma'adana.

To me ya hana a sauya gaba ɗaya? Abu na farko shi ne yawan abin da aka riga aka rubuta. Zuciyar Linux kaɗai ta haura layi miliyan 30, kuma kusan dukkansu da C aka rubuta su. Sake rubuta irin wannan aiki yana cin kuɗi da shekaru, sannan yana jawo sabbin kurakurai a inda tsofaffin suka riga suka mutu, domin rubutun da ya shekara ashirin yana aiki an sha gwada shi an sha gyara shi. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Abin da Google ya yi a Android ya tabbatar da haka: bai rushe tsohon rubutu ba, sabbin sassa kawai ya riƙa rubutawa da yaruka masu kariya, cikinsu har da Rust, amma duk da haka ya ba da rahoton cewa kason giɓin tsaron da ke da nasaba da ma'adana ya sauko daga kashi 76 a 2019 zuwa kashi 24 a 2024. Abu na biyu kuma, C ya zama yaren da sauran yaruka ke haɗuwa a kansa idan za su yi magana da juna ko da na'ura, har babbar manhajar da ke gudanar da yaren Python ma da C aka rubuta ta, kuma akwai ƙananan na'urori da yawa da masu ƙera su C kawai suka tanadar wa kayan aiki.

Tarihi ma bai goyi bayan masu gaggawa ba. Tsohon yaren COBOL ya fito a 1959, an daɗe ana yi masa jana'iza, amma a watan Afrilu na 2020 gwamnan jihar New Jersey da ke Amurka ya fito yana neman masu iya shi, saboda tsarin biyan marasa aikin yi, wanda da COBOL aka rubuta shi, ya cushe a lokacin annobar korona. Python kuwa daga siga ta 2 zuwa ta 3 kawai ya so ya koma, yare ɗaya ke nan, amma sai da aka ɗauka daga 2008 har zuwa 2020. Inda na ga sauyi ya yi sauri shi ne inda kamfani ɗaya ke riƙe da dandalin baki ɗaya, kamar yadda Apple ya kawo yaren Swift a 2014 don ya gaji Objective-C wajen rubuta manhajojin na'urorinsa, ko yadda Google ya fifita yaren Kotlin a kan Java wajen manhajojin Android a 2019. C ba shi da mai gida guda da zai ba da irin wannan umarni.

Saboda haka kada ka saki abin da ake koya maka. Ka tsaya ka fahimci yadda C ke neman gurbi a ma'adana da yadda yake sakinsa, ka rubuta ƙananan shirye-shirye har su faɗi a hannunka ka gano dalilin faɗuwarsu, domin wanda ya ga waɗannan kurakurai da idonsa shi ke saurin gane dalilin dokokin Rust. Bayan nan ka ɗauki Rust a matsayin yare na biyu, musamman idan sha'awarka tana wajen tsaron intanet ko gina tsarin na'urori. Idan kuwa manhajojin waya ko shafukan intanet kake son yi, to Kotlin da JavaScript da Python sun fi kusa da bukatarka fiye da duka ukun da ka ambata.