Tambaya da Amsa: Sabar da ke yin nauyi da zarar an yi azahar

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ina da 'yar cibiyar koyar da kwamfuta a wani gari kusa da Ringim a Jigawa, yara 'yan sakandare suna zuwa gwajin jarrabawar JAMB kafin su je su zauna ta gaske. Kwamfutoci 30 ne duk an jona su da saba guda ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, a cikinta tambayoyin da sakamakon yara suke. Ta hannu ce na sayo a Kano kuma gaskiya shekarar farko ba ta ba ni ciwon kai ba. To tun da zafin nan ya shigo abu ya canza, da safe lafiya lau take amma da an yi azahar sai ta fara nauyi, yaro zai danna tambaya ta gaba abin ya yi ta juyawa har ya gaji ya koma hira da na kusa da shi. Yaron da ke mana gyara ya yi mata fomatin har sau biyu wai bairos ne, ba ta canza zani ba, yanzu kuma ya ce sai an ƙara RAM. Akwai wata 'yar fitila a gabanta wadda a da kore take nunawa yanzu ta koma ruwan lemo tana ƙiftawa, shi ya ce ba komai ba ne. Ɗakin rufin kwano ne babu silin, sola muke amfani da ita sai janareta in rana ta yi sanyi. Dan Allah in ƙara RAM ɗin ne ko in haɗa kuɗi in sayo wata?
Daga mai cibiya, kusa da Ringim.

AMSA: Wa'alaikumussalam Malam, iyali lafiya lau, Allah ya sa albarka a cibiyar. Kafin mu je ga maganar RAM, yau ɗin nan kar ka kwanta sai ka kwashe tambayoyin da sakamakon yaran nan ka zuba su a wani faifan ajiya na waje, ka cire shi ka tafi da shi gida. Dalili fitilar nan. A yawancin saba kore na nufin lafiya, ruwan lemo kuma ƙorafi take yi, in kuma fitilar a jikin aljihun faifai take to faifan ne ya mutu ko yake hanyar mutuwa. Da ya ce maka ba komai ba ne, bai kyauta ba gaskiya.

Nauyin saba ba wani abu ba ne illa layi. Ka san yadda jarkoki ke jeruwa a bakin burtsatse da yamma, ko ka ƙaro jarka ɗari in bakin famfon ne ya toshe layin ba zai motsa ba. Wuraren da layi ke taruwa a cikin saba huɗu ne: furosesa mai yin lissafi, RAM wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, faifan ajiya, sai hanyar netwok. Aikinka shi ne ka gano a wanne ne aka yi cincirindo, kuma wannan ba ya cin ko sisi. A daidai lokacin da take nauyin, ba da safe ba, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance, daga ƙasa ka buɗe Resource Monitor. Ka ɗauki hoton abin da ka gani da wayarka, gobe da safe ka sake ɗauka, ka kwatanta. In RAM ɗin bai wuce kashi 60 ko 70 cikin ɗari ba a lokacin da ake kukan nauyi, to ko ka cika ramukan duka da sabon RAM asarar kuɗi kawai ka yi.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar min hankali a wasiƙarka shi ne lokacin. Bairos ba shi da agogo, bai san azahar ba. Abin da ya san azahar a Jigawa a watan Maris da Afrilu rana ce, a waje ma zafi yana haura digiri 40 balle a ƙarƙashin kwano ba silin ga kwamfuta 30 suna huci ga numfashin yara. Yawancin saba an ƙera su ne su yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba, ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka ma 18 zuwa 27 ta ba da shawara. Shi kuma furosesa in ya ga zafinsa ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, sai ka ga wanda aka rubuta masa 3 GHz ya sauko ƙasa da 1, komai yana aiki babu wani saƙon kuskure, kawai dai an koma tafiyar hawainiya. A shafin CPU na Task Manager ɗin za ka ga gudunsa na asali da gudun da yake yi yanzu, in kana son ganin zafin da idonka ka sa manhajar HWiNFO, kyauta ce.

Ga gwaji mai sauƙi. Wata rana ka tara yaran duka da ƙarfe takwas na safe su hau lokaci ɗaya, wata ranar kuma ka sa yaro biyar kacal da ƙarfe uku na rana. In da safe ta ɗauki talatin ba gargada amma da rana biyar sun gagare ta, magana ta ƙare, zafi ne ba yawan aiki ba.

Kuma na yi imanin ba a buɗe ta ba tun kafin hunturu. Ƙurar da hazo ya kwaso daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana nan ta yi kafet a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa, iskar fanka ba ta ratsawa. A kashe ta, a zare waya, a fitar da ita waje a hure da bulowa, amma a riƙe fankokin da yatsa kar iska ta yi ta wulwula su. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen in ya bushe ya zama kamar alli a goge a shafa sabo ɗan kaɗan. A duba ko akwai fankar da ta tsaya. Sannan a ɗauke ta daga ƙasa a ɗora kan tebur, a bar sarari a bayanta. Wani abu da nake yawan gani a shaguna shi ne a cire murfin gefe a kafa mata fankar tsaye, a kwamfutar tebur wataƙila ya ɗan taimaka amma saba an tsara ta ne iska ta shiga ta gaba ta bi ta kan faifai da RAM da furosesa ta fita ta baya, da ka cire murfi ka wargaza hanyar. Kuɗin RAM ɗin nan da za ka sa su a silin, ko ka mayar da sabar ɗakin ƙasa mai kaurin bango, da ya fi maka.

Yanzu faifan. A Resource Monitor shafin Disk akwai wurin da ke nuna tsawon layi da kuma lokacin da faifai ke ɗauka kafin ya amsa. Faifai mai juyawa in yana da lafiya bai cika wuce milisakan 20 ba, in ka ga ɗaruruwa ko dubu to wahala yake sha, yana karanta wuri ɗaya ya kasa ya sake ya kasa, duk sauran aiki na tsaye suna jiransa. Ka sa CrystalDiskInfo ta karanto maka rahoton da faifan ke ajiyewa game da kansa, SMART ake ce masa. Kar yawan lambobin ya ruɗa ka, kamfanin Backblaze da ke riƙe da dubban faifai guda biyar yake sa wa ido: 5, 187, 188, 197 da 198. Lamba 5 wuraren da suka lalace aka canza musu gurbi, 197 waɗanda ake zargi ba a gama yanke musu hukunci ba. So ake a ga sifili. In manhajar ba ta ga faifan ba kwata-kwata, katin RAID ne ya tare, wato katin da ke haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda ɗaya, sai a shiga ta shafin kula da lafiyar sabar, iDRAC in ƙirar Dell ce ko iLO in HP ce, can za ka ga har dalilin fitilar a rubuce.

A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da bincike kan faifai sama da 100,000, suka gano wanda ya nuna kuskuren karatu na farko ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Amma a binciken dai, kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna alamar komai ba. Wato in SMART ya ce akwai matsala ka yarda da shi, in ya ce lafiya kar ka saki jiki.

In faifai biyu ko uku ne aka haɗa a RAID, ɗaya ya faɗi, galibi saba za ta ci gaba da aiki amma da ɗingishi, musamman RAID 5 da sai ta yi lissafi kafin ta haɗo abin da ke kan mataccen. Na biyu yana faɗuwa shikenan komai ya tafi. Akwai kuma ɗan batir a jikin katin RAID wanda a sabar hannu da wuya ka same shi da rai, in ya mutu katin yana daina tara rubutu a ma'ajiyarsa mai sauri ya koma jiran faifai kai tsaye, nan ma nauyi ne wanda fomatin sau goma ba zai taɓa ba.

In za ka kashe kuɗi a kan ƙarfe to SSD ne, wato faifan ajiya marar juyawa. Faifai mai juyi 7,200 a minti bai fi ƙananan buƙatu 100 yake biya a sakan ba, SSD ko mai araha dubbai yake yi, kuma aikinka na yara talatin kowa na jan 'yar tambayarsa irin wannan aikin ne sak. Sayen wata sabar kam ban ba ka shawara ba, in ka kawo ta ɗakin nan a haka ita ma da azahar za ta kwanta. Shi kuma yaron naka kar ka kore shi, ka zaunar da shi ku duba tare, matsalar da yawa an koya musu fomatin ne maganin komai.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ce mai kula da katin marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a yankin Gwarzo. Kwamfutocinmu shida ne, huɗu suna buɗe fayil daga saba nan take, amma biyun da ke ɗakin magani sai ka yi ta jira, kuma duk iri ɗaya ne rana ɗaya aka kawo su. Sabar ce ta gaji?
Daga 'yar'uwarku a Gwarzo.

AMSA: Barka kadai Malama. Sabarku ba ta da laifi, da ita ce da duka shidan sun ji a jikinsu. Ki ɗauko ɗaya daga cikin biyun ki jona ta a wayar ɗaya daga masu saurin, in ta warware kin kama ɓarawon, waya ce. Kebul ɗin netwok silli takwas ne a ciki, gudun 1,000 Mbps sai da takwas ɗin duka, amma 100 Mbps huɗu sun ishe shi, shi ya sa in ɓera ya ɗan gutsiri ɗaya a cikin silin ko kan ya saki, sau da yawa netwok ba ya yankewa sai dai gudunsa ya faɗo zuwa kashi ɗaya cikin goma ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ki shiga saitin netwok na kwamfutar ki ga 100 ta rubuta ko 1,000. Tunda su biyu ne a ɗaki ɗaya ina zargin akwai wani ƙaramin tsohon siwic, wato akwatin raba netwok, da aka raba musu layi da shi, ko wayar da ta taho ɗakin ta wuce mita 100 wanda shi ne iyakarta. In za a sayo sabuwa a kankare bakin sillin a gani, in ciki fari ne alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, a bar musu kayansu.

TAMBAYA: Salam Malam. Duk lokacin da aka ɗauke wuta muka tada janareta sai sabarmu ta mutu ta sake tashi alhali akwai UPS, na'urar batir mai riƙe wuta. Wani lokacin ma ba a ɗauke wutar ba take yi. Mene ne abin yi?
Daga wani ɗalibinka a Kazaure.

AMSA: Ɗalibi, batirin UPS ɗin ya gama yayi. Irin batirin nan a digiri 25 aka auna rayuwarsa, duk ƙarin kamar digiri 10 yana cinye rabin kwanansa, ka ga a zafinmu wanda aka ce zai shekara huɗu da kyar ya ga biyu, kuma fitilarsa za ta yi ta nuna kore har ranar da za ka buƙace shi. Ka jona masa kwamfutar da ba ta da muhimmanci ka zare shi daga bango ka ga minti nawa zai riƙe. In ta inbata kuke bi a tabbatar mai tsaftatacciyar wuta ce, wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta, saba ba ta shiri da ɗaya nau'in.

Wanda take yi alhali da wuta shi ne abin bincike. Ka buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, saƙon Kernel-Power mai lamba 41 yana gaya maka ta mutu ba shiri ne kawai bai faɗi dalili ba, sai ka duba abin da aka rubuta dab da shi, in ka ga WHEA to wani ƙarfe ne ke kuskure. Ka sa manhajar MemTest86 a filas ka bar ta ta kwana tana gwada RAM. Wani binciken da aka yi kan sabobin Google a 2009 ya nuna sama da kashi 8 cikin ɗari na sandunan RAM suna yin kuskure a shekara, shi ya sa saba ta gaske ke amfani da RAM mai ECC da ke gyara ƙaramin kuskure da kansa ya kuma rubuta wace sanda ce. In gwajin ya fito da ja ko layi ɗaya ne, ka riƙa cire sandunan ɗaya bayan ɗaya kana sake gwadawa har ka ware mai laifin, ka kuma hure ramin kafin ka mayar da sauran.