Amsar tambayar mastas a kan tsarin abinci da noma mai ɗorewa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata na saurari saƙonki tun jiya, ki yi haƙuri ban amsa da wuri ba, so na yi in samu natsuwa in yi miki bayani da baki. Kin ce kin gama digirin farko a fannin tattalin arziki, kina son yin mastas a kan tsarin abinci ko noma mai ɗorewa, kina tambaya ko abu ɗaya ne, ko za su ɗauki wadda ba ta karanci noma ba, kuma wane aiki ake samu in an gama.

To, 'yan gida ɗaya ne amma ba abu ɗaya ba ne. Shi noma mai ɗorewa ƙafarsa na cikin gona, maganar ƙasa ce da ruwa da iri da taki da ƙwari, yadda za a ci amfanin gona bana ba tare da an kashe ƙasar da za a noma baɗi ba. Shi kuwa tsarin abinci daga gonar yake farawa ya bi buhun nan duk inda ya nufa, ajiya, sufuri, masana'anta, kasuwa, dokar gwamnati, har abin da ya shiga cikin yaro da wanda aka zubar a bola. Kuma ke da kika karanci tattalin arziki kada ki ɗauki kanki baƙuwa a nan, don ɗaya daga cikin waɗanda suka sauya tunanin duniya a kan yunwa ɗan fanninku ne, Amartya Sen na Indiya, wanda ya samu kyautar Nobel a 1998. Ya yi nazarin yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943 wadda ta kashe miliyoyin mutane, ya nuna cewa abinci bai ƙare a ƙasar ba, farashi ne ya yi tashin gwauron zabi, ɗan abin da leburori da masunta ke samu ya kasa saye, mutum na ganin hatsi a kasuwa yana mutuwa. Kin ga wannan ba a gona za a warware ta ba. Haka FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonta na 2011 ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya asararsa ake yi ko a zubar, wajen tan biliyan 1.3 duk shekara. Ai ko an ninka noma in ba a toshe wannan kafar ba, ɗibar ruwa ne da kwando.

Sai dai zan ja kunnenki a kan abu guda. Akwai kwas ɗin da za ki shiga a koya miki cewa takin zamani abokin gaba ne kawai, akwai wanda zai ce miki taki da ingantaccen iri sun gama magana, duka biyun ki yi taka-tsantsan da su. Norman Borlaug, wani masanin noma ɗan Amurka, ya yi aiki a Meziko ya fito da gajeriyar alkama mai yawan 'ya'ya, aka kai ta Indiya da Pakistan a shekarun 1960, ta ceci ɗimbin jama'a, har aka ba shi Nobel ta zaman lafiya a 1970, wannan gaskiya ne. Amma a jihar Punjab ta Indiya da aka fi cin moriyar abin, yau ruwan ƙarƙashin ƙasa ja da baya yake yi saboda burtsatse da ban ruwan shinkafa da alkama ba hutu, wannan ma gaskiya ne. Sai kuma ki dubi Sri Lanka, a 2021 gwamnati ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya wai kowa ya koma na gargajiya, amfanin shinkafa ya ragu sosai, kafin shekarar ta fita sai da suka sassauta dokar. Shuka ba ta shanye duk naitrojin ɗin da aka zuba mata, wato sinadarin nan na cikin taki da take buƙata don girma, mai yawa ruwa ke wanke shi zuwa rafi ko ya bi iska, shi ya sa ake nazarin nawa za a sa, yaushe za a sa, da yadda za a riƙa juya gona da dangin wake da ke kama naitrojin daga iska ta hanyar ƙwayoyin halittar da ke saiwarsu. Irin wannan auna abu da ma'auni shi ne karatun. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila akwai gonar gwajin alkama da aka fara tun 1843 kuma har yau ana auna ta, don ki san ƙasa ba ta ba da amsa da gaggawa.

Yawwa, yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, wallahi shi ne ya sa na ce sai na yi murya. Fannin nan faɗi gare shi, kuma faɗin nan ne haɗarinsa. Za ki iya yin shekara biyu kina ɗanɗana kaɗan daga sauyin yanayi, kaɗan daga abinci mai gina jiki, kaɗan daga siyasa, ki fito kin iya magana mai daɗi a taro amma in aka miƙo miki aiki guda aka ce yi mana wannan, sai ki rasa ta ina za ki kama. Na gani da idona a cikin waɗanda muka yi karatu tare, masu ƙoƙari ne ƙwarai, amma sun sha wahalar neman aiki, kuma har yau abin na damuna don ba wanda ya faɗa musu tun farko. Waɗanda suka samu da wuri su ne waɗanda suka fito da sana'a ɗaya a hannu. Wani ya iya sarrafa alƙaluma da manhajar R, wata ta ƙware a taswirar kwamfuta ta GIS da hotunan tauraron ɗan adam, wani gwajin ƙasa a ɗakin gwaje-gwaje, wata kuma ta iya tsara tambayoyi ta shiga cikin manoma ta fito da bayanan da za a iya dogara da su. Ke kina da lissafi da ƙididdiga tun digirin farko, to ki zurfafa a nan, ki iya auna ko wani shiri na tallafin taki ko bashin manoma ya yi tasiri da gaske ko bai yi ba, masu wannan ƙwarewar ana neman su. Saboda haka kada sunan kwas ya ruɗe ki, ki buɗe jerin darussan ki ƙirga nawa ne ake koyar da hanyar bincike, akwai fita fili ko duk a aji ne, wata nawa aka ware wa kundin bincike. Sannan malamin da zai duba aikinki, ki karanta takardu biyu ko uku da ya wallafa kwanan nan kafin ki rubuta masa, in da hali ki nemi tsohon ɗalibinsa ki tambaya ko yana ba ɗalibai lokaci.

Maganar makarantu, Wageningen ta ƙasar Holan ta yi suna sosai, mastas ɗinsu shekara biyu ne. Akwai Hohenheim a Jamus, akwai Cornell da Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka. Na Ingila yawanci shekara ɗaya ne, akwai sauri amma lokacin bincike gajere ne. Kada ki manta da cibiyoyin binciken noma na duniya da ke ƙarƙashin haɗakar CGIAR, irin su IITA a Ibadan, ICRISAT a Indiya, IRRI a Filifin da CIMMYT a Meziko, su ba sa ba da digiri amma suna ɗaukar ɗalibi ya yi bincikensa a wurinsu, rajistarsa na jami'a. Kwas ɗin tsarin abinci galibi suna karɓar 'yan tattalin arziki, amma in kimiyyar ƙasa ko ƙirƙiro iri kike so, za su nemi kin yi kimiyyar halittu da sinadarai.

Tallafin kuɗin karatu kuma akwai Chevening ta gwamnatin Birtaniya, ita tana buƙatar kin yi aiki na shekara biyu, akwai DAAD ta Jamus, akwai Erasmus Mundus da ake karatu a ƙasashe biyu ko fiye, da na Gidauniyar Mastercard. Ki duba sharuɗɗan a shafinsu duk shekara don suna sauyawa. A wasiƙar neman gurbi don Allah kada ki rubuta kina son kawar da yunwa a duniya, kowa haka yake rubutawa. Ki ɗauki matsala ɗaya ƙarama da kika sani, misali me ya sa ƙaramin manomi ke sayar da amfaninsa da kaka da araha ya dawo ya saya da tsada kafin damina, ajiya ce babu ko bashi ne ya matsa masa, ki ce wannan kike son ki gano.

Aiki dai akwai ma'aikatun gona, kamfanonin iri da na sarrafa abinci, bankuna masu ba da lamunin noma, ƙungiyoyin agaji, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su FAO da WFP mai raba tallafin abinci da IFAD mai tallafa wa noma a karkara, sai koyarwa da bincike in za ki wuce digiri na uku. Ki zaɓo kwas uku da suka kwanta miki, ki turo min jerin darussansu ta bayan fage, in sha Allah ƙarshen mako mu duba su tare.