Wayar Hajiya Lafiyarta Ƙalau

Na ga saƙon da ka turo mini jiya da daddare. Ka ce: "Oga, shafin da na yi wa Hajiya mai ɗinki yana tafiya lafiya lau a kwamfutata da wayata, amma da ta buɗe a iPhone ɗinta, gurbin ranar karɓar kaya ya rubuta mata Invalid Date. Na sa ta sauke Chrome, abin bai sauya ba. Ko wayar ce ta lalace?"

Wayarta lafiyarta ƙalau, ƙanena. Datar da ka sa ta ƙona wajen sauke Chrome kuwa ta tafi a banza, domin Chrome na iPhone riga ce kawai. Apple ta sharɗanta cewa duk burauzar da za ta shiga kasuwar manhajojinta sai ta yi aiki da injin WebKit, wato injin Safari. Sai a 2024 aka fara sassauta wannan, a ƙasashen Tarayyar Turai. Chrome na kwamfutarka kuwa injin V8 ne ke karanta masa JavaScript, harshen da ke sa shafin intanet motsi. Sunansu ɗaya, cikinsu daban.

Na buɗe aikin naka da safe. Saba, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan shafin, tana turo maka ranar yadda manhajar ajiyar bayanai ta MySQL ke ajiye ta, 2024-03-15 14:30:00, kai kuma ka ɗauke ta ɗungurungum ka cusa cikin new Date(), umarnin JavaScript da ke karanta rana. Dubi tsakanin 15 da 14. Wannan ɗan filin da ba komai a cikinsa, shi ya hana ka barci. Ƙa'idar harshen, wadda ake kira ECMAScript, tun bugunta na biyar a 2009 tsari ɗaya ta wajabta wa kowace burauza ta gane, kuma a tsarin harafin T ne ke raba rana da lokaci: 2024-03-15T14:30:00. Duk abin da ya saɓa wa wannan, an bar wa kowace burauza ta yi yadda ta ga dama. Chrome yana da kawaici, ya gane abin da kake nufi sai ya wuce da kai. Safarin da ke wayar Hajiya ya ce bai san zancen ba. Kamar ka je banki ne da takardar da ka cike ba daidai ba: ma'aikacin da ya saba da kai ya gyara ya karɓa, na gefensa ya turo maka abinka. Na biyun bai zalunce ka ba. Na san za ka so ka zagi Safari, ni ma na sha zaginsa, wani lokacin ma ya cancanta, amma a wannan karon laifi tudu ne.

Gyaran gaggawa shi ne ka musanya filin da T kafin ka miƙa wa new Date(). Layi ɗaya ne. Amma ni na fi son a gyara tun daga saba, ta riƙa turo ranar da T ɗinta da kuma +01:00 a wutsiya, wanda shi ne lokacinmu na Najeriya. Ga dalili. In ka ba burauza rana da lokaci ba wutsiya, za ta ɗauka lokacin garin da wayar take kake nufi. In kuma rana kaɗai ka ba ta, 2024-03-15, sai ta ɗauke ta a matsayin sha biyun dare agogon GMT. A Kano wannan ƙarfe ɗaya ne na daren, ranar tana nan 15, ba za ka taɓa ganin matsala ba. Amma Hajiya ta faɗa mana tana da masu ɗinki a Amurka. Wadda ke Niyok za ta buɗe ta ga 14 ga Maris, don a can takwas ce ta daren jiya. Ba jan rubutu, ba gargaɗi, rana guda ta zame kawai. Irin wannan ya fi Invalid Date ba ni tsoro, domin shi aƙalla yana ihu.

Haka nan 03/04/2024. Kai 3 ga Afrilu kake nufi, Chrome kuwa zai karanta irin na Amurkawa, 4 ga Maris. Kada ka taɓa ba burauza rana a wannan tsarin. In kuma ka zaɓi ka tsinka lambobin da kanka ka miƙa su ɗaya-ɗaya, ka tuna wata daga sifiri yake farawa: Janairu 0, Maris 2. Kada ka tambaye ni hikimar. Brendan Eich ya haɗa harshen cikin kwana goma a kamfanin Netscape a 1995, aka kwafo lissafin rana daga harshen Java da aibinsa, mu kuma muka gada.

Sai dai abin da ya fi damuna a saƙonka ba ranar ba ce. Ka kwana kana canki-canki, ba ka nemi ganin kuskuren da idonka ba. A kwamfuta ka san maɓallin F12, ka san kwansol, inda burauza ke nuna kurakurai. A waya ma akwai hanya. In Android ce, kunna gyara ta USB a saitin masu ƙera manhaja, jona ta da kwamfuta, rubuta chrome://inspect a Chrome, sai ga shafin wayar a gabanka har da jan rubutunsa. iPhone ta fi tsada wajen bincike: sai ka kunna Web Inspector a saitin Safari, ka jona ta da Mac. Ba mu da Mac a shago, na sani. Abin da nake yi shi ne in sa window.onerror a can saman shafi, kafin kowane fayil ya sauka, ya riƙa zuba saƙon kuskure da lambar layi a cikin wani akwati a jikin shafin, in ce wa mai wayar ta ɗauko mini hoto. A matsalar Hajiya ba zai kama komai ba, tunda Invalid Date ba ya jefa kuskure sai ka kira wani abu irin toISOString a kansa, don haka sai ka zuba ainihin abin da saba ta turo a akwatin ka dube shi harafi-harafi. Gani ya kori ji.

Wannan akwatin ya taɓa fitar da ni kunya. Na yi wa wata makaranta shafin biyan kuɗi, iyaye suka yi ta kira wai maɓallin biya ba ya motsi. Na gwada a waya huɗu, yana aiki. Kwana biyu ina zargin netwok. Ƙarshe wani dattijo ya kawo wayarsa har shago, fuskarta a tsage, an ɗaure murfin da kyauro, Chrome ɗin ciki ya shekara biyu ba a sabunta shi ba saboda wuri ya cika. Na buɗe, akwatin ya ce SyntaxError, wato rubutun da burauzar ba ta gane ba, layi kaza. Ashe alamar ?. ce da na yi amfani da ita wuri ɗaya tak. Ta shigo harshen a 2020, Chrome ya fara gane ta a sigar 80. Burauzar da ta girme ta ba layin kaɗai take tsallakewa ba, fayil ɗin gaba ɗaya take ajiyewa, shi ya sa komai ya mutu lokaci guda. Tun daga ranar nake bi da aikina ta manhajar Babel ta mayar da shi tsohon salo, sabon abu kuma sai na duba caniuse.com, shafin da ke nuna burauzar da ta gane shi, kafin in taɓa shi. Wayar da ke aljihun tebur ɗina, wadda kake yi wa dariya, don wannan na ajiye ta. Ka riƙa gwadawa da Opera Mini ma, domin mutanenmu na sonta saboda tsimin data, kuma a yanayin tsiminta mai tsanani a sabar Opera ake gudanar da JavaScript ɗinka, ba a wayar ba.

Abu ɗaya na gani ka fara rubutawa a ƙasan fayil, na share: "in Safari ne yi kaza". Bar wannan hanyar. Sunan da burauza ke faɗa wa shafi cike yake da ƙarya ta gado. Kusan dukkansu da Mozilla/5.0 suke farawa, Chrome yana ambaton Safari a nasa, Edge yana ambaton su biyun. Tambayi burauza ko tana da abin da kake buƙata, kada ka tambaye ta sunanta.

In ka gyara, sauya sunan fayil ɗin ko ka ƙara masa ?v=2 a wutsiya, in ba haka ba wayar Hajiya za ta ci gaba da ɗauko tsohon da ta ajiye, ta sake kiranka ta ce ba ka yi komai ba. Gobe bayan azahar ka biya ta shagonta ka gwada a wayar tata, sannan ka juya agogon kwamfutarka zuwa Niyok ka ga ko ranar ta tsaya a 15.