Me ya sa shukata ta yi yaushi alhali ƙasarta a jiƙe take?

Tambaya: Malam, na narkar da takin zamani mai yawa a cikin ruwa kaɗan, na zuba wa ƙananan shukokina domin su yi saurin girma. Washegari sai na tarar duk sun yi yaushi, bakin ganyen ya fara ƙonewa, alhali ƙasar a jiƙe take sharkaf. Wani ya ce yunwa ce in ƙara taki, wani kuma ya ce tsutsa ce a saiwa in barbaɗa gishiri. Hankalina a tashe yake, ina tsoron kada in rasa su gaba ɗaya.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ƙara ko ƙwayar taki ɗaya, kuma kada ka bari gishiri ya kusanci gindin shukokin nan. Ƙishirwa ce ke damun su duk da jiƙewar ƙasar, kuma osmosis, wato yadda ruwa ke ratsa tantanin ƙwayoyin jikin tsiro, shi ne sanadi.

Ka san ruwa yana ratsa tantanin ƙwayar halitta ne daga ɓangaren da ya fi tsinkewa zuwa ɓangaren da narkakken abu ya fi yawa. Muddin ruwan ƙasa ya fi na cikin saiwa tsinkewa, ƙwayoyin za su sha su cika har su tokare bangonsu, bangon kuma ba ya barin su fashe, kuma wannan tokarewar ce ke riƙe ganye a miƙe. Idan ƙarfin ɓangarorin biyu ya zo daidai, sai jikin tsiron ya saki. Idan kuwa na waje ya fi kauri, kamar yadda ruwan takinka ya yi, ruwa fita yake yi daga saiwar, abin da ke cikin ƙwayar ya takure ya rabu da bango. Wannan shi ne filasmolisis, wanda masanin tsirrai Hugo de Vries ya yi nazarinsa tun 1877. Ka yanka dankali sirara guda biyu, ka sa ɗaya a ruwa zalla, ɗaya a ruwan gishiri mai ƙarfi. Bayan awa ɗaya na farkon zai yi tauri har ya karye idan ka lanƙwasa shi, na biyun kuwa zai yi laƙwas a hannunka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu ba da shawara da ka, waɗanda suka ɗauka duk ganyen da ya langaɓe yunwa yake ji, kuma yawan taki shi ne yawan amfani. Kullum sai na gamu da wanda suka yi wa wannan ɓarna. Takin zamani, da zarar ya narke, janye ruwa yake yi kamar kowane narkakken abu, saboda haka ƙara shi ga shukar da ta riga ta yanƙwane ƙarasa ta ne. Shawarar gishiri kuwa ta fi muni nesa ba kusa ba. Yawancin amfanin gona ba sa iya tsotsar ruwa idan ƙarfin da ke riƙe shi a ƙasa ya kai megafaskal 1.5 (megafaskal ma'aunin ƙarfin matsi ne), ruwan teku kuwa, mai gishiri kimanin giram 35 a lita, ya haura megafaskal 2, to ina ga wanda aka barbaɗa gishirin tsagwaronsa a kan saiwa? Ban da haka, sinadarin sodiyam yana da guba ga tsiro, yana kuma wargaza tsarin ƙasa mai laka har ta daskare ta daina shan ruwa, kuma yakan daɗe bai fita ba. Mai wannan shawara bai tono saiwar ya ga tsutsar ba, amma ya yanke hukunci a kan gumin wani, kuma idan shukar ta mutu ba za ka sake ganinsa ba.

Idan filasmolisis bai daɗe ba, ƙwayoyin suna iya sake cika. Ka kwashe duk takin da ka gani a saman ƙasa, ka kwarara ruwa mai tsabta da yawa a hankali, ka tabbatar yana da hanyar tsiyayewa domin ya tafi da abin da ya taru, sannan ka yi wa shukokin inuwa na 'yan kwanaki. Ganyen da ya ƙone ba zai dawo ba, sabon toho za ka zuba wa ido. Sai ya fito sannan ka koma ga taki, bisa ma'aunin da aka rubuta a jikin buhu, a tazarar aƙalla santimita 5 daga gindi, a kan ƙasar da ka riga ka shayar.