Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan ƙananan taurarin labarinta

'Yar'uwa, da na karanta kokenki cewa masu karatu sun ce ban da matar da mijin, kowa a labarinki kamar gunki yake, sai na ji kamar da bakina kika yi magana, domin abin da ya same ni ke nan a littafina na farko.

Ina cikin idda na rubuta shi, zuciyata tana tafasa, sai na ɗauko uwar mijina ɗungurungum na saka ta a ciki, ba ta da aiki sai bin bokaye da zuga ɗanta. Kullum bayan isha'i ina sakin shafi a WhatsApp, har ranar da ƙanwar mijin ta gane maganar mahaifiyarta, ta ɗauki hoton shafin ta rarraba wa dangi kaf. Yarinyar nan da hannuna na yi mata kitso ranar kamunta, ni kuma na riƙa hura wutar ruwan wankan jegonta, amma ko kirana ba ta yi ba, sai baffana na gani a zaure yana cewa in goge labarin in je in ba da haƙuri. Shafi 42 na goge ina kuka, kuma har yau ba ta gaishe ni idan muka haɗu a wurin biki.

Sai daga baya na gane ban taɓa tambayar kaina abin da tsohuwar take tsoro ba, alhali da kuɗin ƙosai ta reni ɗan nata bayan rasuwar mahaifinsa. Ki ba uwar mijin labarinki irin wannan dalilin, ko da ba za ki wanke ta ba. Gwaggon da take cewa a yi haƙuri, aure ibada ne, ki nuna mana tabon da nata haƙurin ya bar mata, aminiyar kuma ta kasance tana da nata gidan da tata damuwar. Ki duba aya ta 35 a Suratun Nisa'i, inda aka ce a tayar da mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Mutum biyun nan kaɗai sun isa su riƙe miki babi guda, haka ma wanda aka turo biko idan matar ta yi yaji. Don Allah kuma kada ki saki labarin da ciwonsa bai warke ba.

Idan ba damuwa, ki turo mini babin da uwar mijin ta fara bayyana, zan karanta a daren yau in sha Allahu.